Ƙaramar mujiyar da ke kan tsamiyar makarantarku 'yar gari ce, sai dai kakanninta sun taɓa barin ƙasar Kano

Wani malamin jogarafi da ke koyarwa a wata sakandare a Ɗorayi ya aiko mini da hoto da tambaya. Ɗalibansa ne suka ga wata 'yar mujiya da rana tsaka a kan tsamiyar da ke bayan ajinsu. Ba ta kai kurciya tsawo ba, jikinta ruwan ƙasa da ɗige-ɗigen fari, kuma da ta juya sai suka ga kamar tana da wasu idanu biyu a ƙeya. Ga abin da ya rubuto: "'Yar babbar mujiya ce da ba ta gama girma ba? Gaskiya ne sauyin yanayi ne ya koro ta cikin gari? Kuma me ya sa ake samun irin wannan a nan, ba a samun ta a wasu ƙasashen?"

Malam, wannan ba jaririya ba ce, iyakar girmanta ke nan. A kimiyyance sunanta Glaucidium perlatum, tsawonta bai cika wuce santimita 20 ba. Idanun ƙeyar nan tabo ne na baƙin gashi da fari ya zagaye, shaho ya hango ta ta baya ya zaci kallonsa take yi. Tana farauta da dare, tana kuma yi da rana, shi ya sa ƙananan tsuntsaye suka san ta, da sun gan ta sai su yi mata ca. Ai daga irin wannan taron dangi ne Bahaushe ya samo "an mai da shi mujiya". Kukanta fito ne, ta fara a hankali tana ɗaga murya, ta ɗan dakata, sannan ta saki dogaye masu gangarowa. Tana da maƙwabta biyu ƙanana a ƙasar Kano. Akwai Otus senegalensis mai launin ɓawon itace, wadda kan yi "kurr" sau ɗaya ta yi shiru ta sake, har mutane su ɗauka kwaɗo ne. Akwai kuma mai farar fuska da jajayen idanu, Ptilopsis leucotis. Farar nan mai shiga silin tana ƙara da dare dabam take, ita kusan duk duniya akwai ta, ba da ita muke ba yau.

Tambaya ta biyu amsarta gajeruwa ce: a'a. Ba ɗumamar yanayin yau ce ta koro ta ba. Gari ne ya je ya same ta. Ɗorayi da Rijiyar Zaki da kewayensu gonaki ne masu tsamiya da ɗorawa kafin gine-gine su cinye su, duk bishiyar da ta tsira kuwa ta tsira ne da masu kwana cikinta. Amma tambayarka ta uku, a nan ne sauyin yanayi ya shigo da gaske, sai dai na dubban shekarun da suka wuce.

Sai mun fara sanin abin da ƙaramar mujiya ke buƙata. Ba ta saƙa sheƙa, ba ta kuma iya fafe itace. Kogo take nema, wanda maƙwaƙƙwafi ya fafe ya bari, ko wanda ruɓewa ta buɗe a tsohon reshe. Abincinta fara, gyare, buzuzu, ƙadangare, ɓera da ƙananan tsuntsaye. Jikinta ƙarami ne, ba ya riƙe zafi, ba ya ajiye kitse mai yawa, don haka ba ta jure yunwar kwanaki. Yawancinsu kuma ba matafiya ba ne, inda aka ƙyanƙyashe su nan kusa suke ƙare rayuwa. In ka haɗa waɗannan za ka ga taswirar ƙaramar mujiya kusan taswirar bishiyoyi ce. Inda manyan itatuwa suka tsaya, nan ta tsaya. Bishiyoyi kuwa ruwan sama suke bi, shi kuma ruwan sama a yankinmu bai taɓa zama wuri ɗaya ba.

Dalilin yana sama. Ka tuna katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa: tana juyi, kanta kuma yana ɗan layi a hankali. Haka duniya take, layin nan nata yana ɗaukar kusan shekara 26,000 kafin ya zagayo, ga kuma wasu sauye-sauye masu tsawon zango a karkacewarta da hanyar da take bi ta kewaya rana. Su ne ke ƙara ko rage zafin ranar da arewacin duniya ke samu a lokacin bazara. Idan ƙasar Sahara ta yi zafi sosai, sai ta jawo iskar damina daga Tekun Atlantika ta shigo can ciki. Idan zafin ya ragu, damina ta tsaya a kudu. A cikin shekara miliyan 2.6 da suka wuce an yi ta wannan kai-komo sau da dama, ƙanƙara ta mamaye arewacin duniya ta janye, hamada ta sauko kudu ta koma.

Na ƙarshe mai tsanani ya kai ƙololuwa wajen shekara 21,000 da suka wuce. Ruwa mai yawa ya daskare a Turai da Amurka ta Arewa har teku ta ja baya da kusan mita 120. A nan wajenmu ba ƙanƙara aka yi ba, fari aka yi. Bakin hamada ya sauko kudu da kilomita 400 zuwa 500. Ka auna a taswirar ajinku: daga Kano zuwa Agadas kilomita ɗari biyar da 'yan kai ne a miƙe. Wato yanayin da ke tsakanin Tanut da Agadas a yau, kusan shi ne yanayin ƙasar Kano a wancan zamani.

Shaidar tana kusa da mu, ba sai an je ɗakin gwaji ba. Duk wanda ya bi hanyar Jahun ko Haɗeja ya san tuddan rairayin nan dogaye da ke jere, fadama a tsakaninsu, suna kwance daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai hanyar iskar hunturu. Su ne jigayi, daga nan Jihar Jigawa ta samo suna. Iska ce ta tara su lokacin da babu ciyawar da za ta riƙe ƙasa, yau kuma ana noma gero da gyaɗa a kansu. Masanin jogarafi A. T. Grove ya yi rubutu a kansu a 1958, ya kira wurin tsohuwar hamadar ƙasar Hausa. Ina ganin duk malamin jogarafi a Kano ya kamata ya kai ɗalibansa su taka su da ƙafa ko sau ɗaya ne. A ƙasar da rairayi ke tafiya haka, tsamiya ba ta rayuwa, balle a sami kogo a jikinta. Ke nan kakannin mujiyar makarantarku ba sa nan a lokacin. Suna can kudu, inda dajin bishiyoyi jefi-jefi ya koma, a wuraren da yau suka fi mu ruwa nesa ba kusa ba.

Sai abin ya juya. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina ta yi ƙarfin da ba mu taɓa gani ba. Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, wato ya ninka Jihar Kano sau 17, kuma tsohon bakinsa shi ne tudun rairayin da ya bi ta Maiduguri da Bama. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, da aka auna shekarunsa aka samu kusan 8,000. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen wancan zamani sun sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, a wurin da yau babu abin da raƙumin dawa zai ci. Ƙurar furanni da ta kwanta a lakar Tafkin Tila kusa da Biu, da ta ƙananan tafkunan ƙasar Manga, ta nuna itatuwan da yanzu sai an yi kudu sosai ake ganinsu. Daji ya hau arewa, maƙwaƙƙwafi ya bi shi, mujiya ta bi maƙwaƙƙwafi. Da ruwa ya sake raguwa bayan shekara 5,000, sai iyakar ta dawo kusa da inda take yau, a bakin Sahel.

Abin ya yi kama da tafiyar makiyaya, su yi kudu da rani su dawo da damina. Bambancin shi ne wannan rani na dubban shekaru ne, kuma babu mujiya ɗaya da ta yi tafiyar. A gefen da ke bushewa 'ya'ya ba sa rayuwa, a gefen da ke tsirowa suna samun sabon kogo kilomita kaɗan gaba da na iyayensu. A haka, tsara bayan tsara, iyaka ke matsawa.

Wannan ne ya bayyana wani abu da ke ba mutane mamaki. Mujiyarku tana nan tun daga Senegal har Sudan da Habasha, ta gangara gabashin Afirka har Afirka ta Kudu, amma a duk faɗin nan reshe biyu kawai masana suka raba ta, na yamma da na gabas da kudu. Dalili kuwa dajin da take zaune shimfiɗe yake kamar rawani daga teku zuwa teku. Ya matsa sama, ya matsa ƙasa, amma bai cika tsinkewa ba, sai dangi suka ci gaba da cuɗanya.

Mai farar fuska ba ta yi wannan sa'ar ba. An daɗe ana ɗaukar ta jinsi ɗaya a duk Afirka, sai da aka saurari kuka aka kuma duba ƙwayoyin gado, aka ga biyu ne. Tamu ta arewa kukanta gaɓa biyu ne masu taushi. Ta kudancin Afirka, Ptilopsis granti, tana fara nata da wata 'yar in'ina mai sauri kafin ta ja. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne kurmi ne ya shiga tsakani. A zamunnan ruwa, kurmin Kwango kan bunƙasa ya miƙa gabas, ya raba dajin arewa da na kudu, waɗanda ke kowane gefe su daɗe ba su haɗu ba har murya ta bambanta. Ga mujiya kuwa murya ita ce komai, domin cikin duhu ake neman aure. Idan mace ba ta gane kiran namiji ba, zance ya ƙare ko da a bishiya ɗaya suke. Amma a kula, Malam, kada ɗalibai su ɗauka fari ɗaya ko damina ɗaya ke haifar da sabon jinsi. Shekara 20,000 ta yi kaɗan. Rabuwa ce da aka yi ta maimaitawa cikin dubban ɗaruruwan shekaru.

Mujiyoyin kurmi labarinsu kishiyar namu ne: lokacin da namu ke samun fili su suna cikin matsi. A zamanin fari kurmin Afirka ya tsuke ya zama tsibirai, ɗaya wajen Laberiya da Kwaddebuwa, ɗaya wajen Kamaru da Gabon, wani a gabashin Kwango. Har yau akwai giɓi. Wanda ya taɓa bin mota daga Legas zuwa Kwatano da Lome ya ga yadda kurmi ke yankewa, fili mai ciyawa ya sauko har bakin teku. Wannan giɓin na Dahomey ya rufe a zamanin ruwa, ya sake buɗewa wajen shekara 4,500 da suka wuce. Ƙananan mujiyoyin kurmi biyu, Glaucidium tephronotum mai jan ƙirji da Otus icterorhynchus, kowacce tana da reshe ɗaya daga Laberiya zuwa Gana, wani reshen dabam ko fiye da ɗaya daga Kamaru zuwa gabas. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Otus ireneae ta gabar tekun Kenya. Sai a 1965 masana suka san da ita, a dajin Arabuko-Sokoke kusa da Malindi, sannan a 1992 aka gano wasu a gindin duwatsun Usambara na Tanzaniya. Ragowar wani dogon kurmi ne da ya guntule, ita kuma ta maƙale a guntayen, ba ta da inda za ta matsa.

A Turai an fi bin diddigin wannan al'amari, kuma a kan Athene noctua aka yi, mujiyar nan da tsofaffin Girkawa suka buga a kuɗin Atina, wadda har yau take jikin sulen yuro ɗaya na ƙasar Girka. A ƙasa take farauta, tana cin tana da buzuzu da ɓera, saboda haka idan ƙanƙara ta rufe ƙasa na makonni sai yunwa ta kashe su da yawa. Lokacin da ƙanƙara ta danne Sikandinebiya da mafi yawan Birtaniya da arewacin Jamus, ba ta da wurin zama sai can kudu. Wani bincike da aka buga a 2014 ya duba ƙwayoyin gadon da ake gada ta wajen uwa, ya samu manyan zuriya biyu: ta yamma, wadda mafakarta Sifen da Fotugal, da ta gabas, wadda ta fake a yankin Balkan, ga kuma wasu da suka tsira a kudancin Italiya da tsibirin Sardiniya. Da ƙanƙara ta narke kowace zuriya ta hau arewa ta hanyarta har suka haɗu a tsakiya. A ido kusan ɗaya suke, amma jini ya riƙe tarihin inda kakanni suka yi zaman hijira.

Wannan mujiyar ta zo kusa da mu fiye da yadda ake zato. Tana Arewacin Afirka, tana kuma cikin Sahara jefi-jefi har duwatsun Azbin a Nijar, launinta ya koɗe ya koma kalar rairayi. Ita ba ta damu da bishiya ba, tsagar dutse ko tsohon bango ya ishe ta. A fahimtata, zamanin ruwa ne ya buɗe mata Sahara da abinci, da wuri ya bushe sai ta rage a inda duwatsu da koramu ke riƙe ɗan danshi, kamar yadda kadoji suka rage a tafkin Arshe na duwatsun Ennedi a Chadi. Daga Azbin ba ta gangaro Kano ba. Nan kuwa ga tamu mai idon ƙeya tana cin irin abincin da za ta ci.

Sai dai ba kowace iyaka ce yanayi ya shata ba, kada mu ɗora masa abin da bai yi ba. Athene noctua da ke Ingila mutane ne suka kai ta suka saka a shekarun 1870 da 1880, haka ta Niyuzilan tsakanin 1906 da 1910.

Akwai ɗaya da ta warware matsalar ta wata hanya, kuma tana ratsa ƙasarmu duk shekara. Otus scops tana haihuwa a kudancin Turai da yammacin Asiya, ƙwari ne kusan duk abincinta, da sanyi ya kawo kai sai ta ƙetare Bahar Rum da Sahara ta yi hunturu a wajenmu. Tsuntsuwar da nauyinta bai cika kai gram 100 ba! Yawancin ƙasar da take haihuwa a yau ba ta zaunuwa a zamanin ƙanƙara, don haka doguwar tafiyar nan ta miƙe ne a hankali, Turai na ɗumama tana ƙara hawa arewa, Sahara na bushewa tana ƙara faɗi a gabanta. Ta yi kama da tamu Otus senegalensis sosai har an daɗe ana lissafa su jinsi ɗaya. Nan ma kuka ne ya raba gardama.

Yanzu bari in faɗi abin da ke damuna. Duk sauye-sauyen da na lissafa sun fi na yau girma, mujiyoyin kuma sun tsira, amma da sharaɗi biyu: an ba su dubban shekaru, kuma akwai daji a haɗe da za su bi. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun san yadda manyan itatuwa suka mutu a tsaye a arewacin Kano da Katsina. Abin da fari ya bari, gatari da buhun gawayi suna ƙarasawa, kuma tsohuwar bishiya mai kogo ita ake fara sarewa don an ce ta gama amfani. Dashen darbejiya abu ne mai kyau, ina goyon bayansa, sai dai dashen bana ba ya ba da kogo sai bayan shekaru masu yawa. Gawo da kuka da tsamiya da kanya da suka haura shekara hamsin, su ne gidajen. Ga kuma jifa. Yaro ya ga mujiya, abin da ya fara zuwa ransa dutse ne, saboda an gaya masa tsuntsuwar mayu ce. Alhali hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa babu camfi da tsuntsu kuma babu "hama", malamai da dama sun fassara hama da mujiyar da Larabawan jahiliyya ke camfawa. Ga shi kuma fara da ɓera take ci, abokan gabar manomi.

Shawarata, Malam, ka roƙi shugaban makaranta kada a sare busasshen reshen tsamiyar nan in dai ba ya barazana ga aji. Ka sa yara su duba ko akwai rami mai faɗin bakin kofin shayi a jikinsa, su tsaya nesa, kada a zura hannu, domin ƙwai biyu zuwa huɗu kawai take yi. Su buɗe littafi su riƙa rubuta rana da lokaci da abin da suka ga ta kama, su ɗauki kukanta da waya bayan la'asar ko da asuba. Masu bincike biyu, Sharland da Wilkinson, sun buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus a 1981, lokacin Jigawa tana cikin Kano, kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara bayanan masu sa kai don taswirar tsuntsayen Najeriya, za su karɓi naku. Daga Oktoba zuwa Maris kuma a riƙa duba rassan da ke manne da gangar bishiyar da kyau. In an ga wata siririya mai launin ɓawo da 'yan tukkaye biyu kamar kunnuwa, a ɗauki hoto a turo mini, mu duba ko 'yar gida ce ko baƙuwar Turai.